Jan Hancin Motata da Ranar Kai Auta

Har yau samari masu ƙananan motoci sukan tare ni a bakin shago su ce, "Likita, kai da ka taɓa sa wa motarka jan hancin nan, yana ƙara ƙarfi kuwa?" Likita suke ce mini don maganin dabbobi nake sayarwa a kusa da kasuwar shanu, amma ban taɓa tsira wa ɗan Adam allura ba, kuma ba na fata. In sun yi tambayar sai in ce su jawo benci. Ni ban iya gajeren labari ba, wannan kuwa ko na iya ba zai gajartu ba.

Bari in fara da abin kansa, don wanda bai taɓa buɗe bonet ba. Injin mota numfashi yake yi kamar ni da kai. Masu ƙera ta sukan sa mata wani baƙin akwatin roba da matacin takarda a ciki, iska ta bi ta nan a tace ta kafin ta shiga inji. Kanikawa eya-kilina suke ce masa. Jan hanci kuwa bututu ne mai ƙyalli, da jan mataci a bakinsa mai siffar mazurari, sai a cire akwatin a ɗaura shi a gurbinsa. An ce akwai na gaske masu tsada, ni ban taɓa ganinsu da idona ba. Akwai kuma na talaka, wanda ake ratayewa a shagon kayan gyara tare da turaren mota da rigar sitiyari. Nawa na talaka ne.

Motar tawa ƙarama ce, ta hannu, irin wadda dogon mutum in ya zauna a baya gwiwarsa ke gaisawa da haɓarsa. Ba ta shan mai, ba ta rigima, ba ta kuma gaggawa. Mun zauna lafiya da ita shekara da shekaru, ban taɓa neman ta zama abin da ba ita ba, sai da aka sa ranar auren autarmu.

Autar nan a hannuna ta tashi. Tana rarrafe mahaifinmu ya rasu, ba ta gama firamare ba mahaifiyarmu ta bi shi, sai ta dawo gidana a Dogo Tebo. Ni na kai ta makaranta a bayan keke, ni na kai ta kwaleji a bayan babur, ranar da ta fara aikin koyarwa ma ni na sauke ta a bakin ƙofa. Mijin ita ta zaɓo abinta, yaro mai hankali, ba ni da ta cewa a kansa. Abu ɗaya kawai na sa a raina: ranar kai amarya, ni zan tuƙa ta zuwa gidanta, a motata. Ban nemi komai a bikin nan ba sai wannan, kuma na neme shi da dukkan zuciyata.

Sai dai harkar biki a danginmu ba a hannun maza take ba. Tana hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, mace mai jiki da murya, wadda in ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta sai ta koma yarenta, Bolanci. Gwaggo kuwa tana da tsohuwar ƙullalliya da motata. Wata shekara na ɗauke ta da ƙawayenta zuwa wani suna a Ngojin, muka shiga wani lungu mai yashi, mota ta nutse ta ƙi gaba ta ƙi baya. Dole suka fito suka tura, Gwaggo da sabuwar atamfarta, mutanen unguwa na yi musu sannu. Ba ta taɓa yafe wa motar ba. Abin haushi, gidan da angon ya kama yana ƙarshen wannan lungun ne, babu wata hanya sai shi.

"Abokin ango ya ba da jif," in ji Gwaggo ranar da na je mata da maganar. "Mai sanyi a ciki. Me za mu yi da gwangwaninka?"

Na ce, "Gwaggo, yarinyar nan ko asibiti ba wanda ya taɓa kai ta sai ni. Yanzu a tafiyar da ta fi kowacce sai a ba wani yaro da ban san ubansa ba?"

Ta daɗe tana kallona. Ta san gaskiya na faɗa, shi ya sa ma ta ƙara ɗaure fuska. Ta ce, "To, ka kai ta. Amma jif ɗin zai biyo mu a baya. Motarka ta kuskura ta tsaya a hanya, ko da tsayuwar atishawa ce, a nan zan sauke yarinyar in sa ta a jif. Ba za a tura amaryata ba."

Na fito daga gidanta da murna da fargaba, ban zame ko'ina ba sai garejin bakanikena a Hausari. Bakaniken nan mun daɗe tare, hannunsa na da kyau, amma yana da wata cuta: duk abin da ya gani a waya ya gaskata. Ina faɗa masa damuwata ya goge hannu a wando ya ciro waya, ya nuna mini wata ƙaramar mota a wata ƙasa da aka sa wa jan hanci, tana tashi kamar an harbo ta.

Ya ce, "Likita, motarka ba rashin ƙarfi ke damunta ba, toshe mata hanci aka yi tun daga kamfani. Kai in aka ɗaura maka tsumma a hanci aka ce ka ɗauki buhu, za ka iya?"

Na ce ba zan iya ba.

Ya ce, "To ka gani."

Wannan hujja ta shige ni ƙwarai. Ban tsaya tambayar abin da zai sa masu ƙera mota su toshe wa motarsu hanci da gangan ba. Muka je muka sayo, ya kwance baƙin akwatin ya jefa mini a but ɗin motar, ya ɗaura sabon. Bututun bai yi daidai ba, sai ya cike da guntun tiyo da waya. Muka tsaya muna kallon abin yana ƙyalli a tsakiyar tsohon inji, kamar haƙorin Makka a bakin tsohuwa. Ya ce in shiga in tayar.

A tsaye lafiya lau, wani ɗan huci kawai take yi. Sai ya ce in taka totur sosai. Na taka.

Ni mai harkar dabbobi ne, na san kukan kowace dabba mai lafiya da marar lafiya. Abin da ya fito daga motar nan kukan bijimi ne mai mura, wanda aka raba da garke. Yakan fara da gurnani daga can ƙasa, ya hau, ya hau, ya ɗan karye a tsakiya, in ka ɗaga ƙafa kuma sai ya ƙare da wata doguwar ajiyar zuciya mai fito. Duk garejin aka daina aiki. Bakanike ya dafa ƙirji ya ce, "Ka ji numfashi ko? Yanzu ta samu kanta." Ni kuwa, Allah ya sani, daɗi ya kama ni har kunne.

Na hau titin Damaturu don gwaji, na rantse a raina motar ta ninka gudu. Kwana biyu ina wannan rantsuwa. Sai na fara lura da wasu abubuwa da ban so na lura da su ba. Akwai wani mai adaidaita maƙwabcina da ya saba wuce ni kullum da safe a kan hanyar kasuwa. Bayan jan hanci ma ya ci gaba da wuce ni, bambancin kawai yanzu yakan waiwayo. Lokacin bazara ne, da rana ta take sai motar ta yi laushi fiye da da, don sabon hancin a buɗe yake a gefen inji, iskar da yake shaƙa ta riga ta dahu. Mai kuma ya fara tafiya da sauri, wannan kam ba laifin hancin ba ne, laifin ƙafata ne da ta kasa haƙuri da jin kukan. Duk mai son amsa a taƙaice ga ta nan: ƙara na saya. In ƙarfi ya ƙaru, bai kai wanda zan iya nuna wa mutum ba.

Amma a lokacin ban yarda ba, kuma abin da ya dame ni yashi ne, ba titi ba. Sai na shirya gwaji na musamman. Na ɗauko buhunan dusa daga shago na jera a kujerar baya a matsayin iyayen biki, na sa ƙaramin buhun gishirin shanu a tsakiyarsu a matsayin amarya, na ɗora babban buhun kanwa a kujerar gaba na ce wannan Gwaggo ce. Har bel na ɗaura mata. Na nufi Ngojin. Da na shiga lungun a hankali, muka nutse, sai da na sauke Gwaggo da hannuna na tura. Na koma baya na sake ɗaukowa da gudu tun daga bakin kwalta, ƙafa a ƙasa, bijimi na kuka, muka keta yashin muka fita. Na yi ta maimaitawa har wani dattijo ya fito ya tambaye ni ko lafiya. Yanzu da nake tunani, da tsohon akwatin ma in na ɗauko da gudu haka wataƙila da na wuce, ban dai taɓa gwadawa ba. A ranar kuwa jan hanci na ba wa ladan duka.

Na dawo gida ina jin kaina. Autar tana tsakar gida da matata suna tsince shinkafa, Gwaggo ma ta zo duba kayan ɗaki. Na ce su fito su ga aiki. Suka fito ƙofar gida, na shiga mota na taka totur har ƙasa, na ɗaga.

Ya kamata a ce na tuna halin yarinyar nan. Tun tana ƙarama in dariya ta kama ta ba ta da birki. An sha koro ta daga Islamiyya a kan haka, an taɓa fitar da ita daga ɗakin gaisuwar surukan wata yayarmu a ɗauke. Da bijimin ya yi ajiyar zuciyarsa ta ƙarshe, sai ta kalli motar, ta kalle ni ina zaune ina jiran yabo. Sai ta sulale a jikin bango ta zauna a ƙasa. Dariya take yi har sauti ya ɗauke, hawaye na zuba, tana nuna motar da yatsa tana son yin magana ta kasa. Da ƙyar ta ce, "Yaya, don Allah ka ba ta magani, ai kana da shi a shago."

Matata ma ta juya baya kafaɗunta na rawa. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zuba wani dogon Bolanci da ba zan fassara ba, sannan ta dawo Hausa.

Ta ce, "Kai yanzu a cikin wannan abin za ka kai mini amarya? Ka taɓa ganin amaryar da ta shiga gidan miji tana ƙyaƙyata dariya? Da kuka ake shiga. Dangin miji na tsaye a ƙofa suna kallo, su ga ta sauko tana washe baki, su ce dama ta ƙagu, su ce gidan da ta fito ba a riƙe ta da kyau ba shi ya sa ba ta jin rabuwa. Maganar nan har 'ya'yanta sai an goranta musu."

Na ce ai a lulluɓe take.

Ta ce, "Wannan dariyar lafaya za ta rufe ta? Ka ji sharaɗi na biyu. Ta kuskura ta yi dariya a motarka, a nan zan sauke ta in sa ta a jif."

Na kwana da abin a raina, da safe na yanke shawara a mayar da tsohon akwati, in ya so in ɗauko yashin da gudu in ga abin da Allah zai yi. Na nemi akwatin a but babu. Ashe tun ranar da aka ɗaura jan hancin na sauke shi a bayan kicin na manta. Na zagaya na same shi a inuwa, a buɗe, da kazar matata a kwance a ciki ta baje fukafukai. Ta mayar da matacin takardar katifa, ta tara ƙwai, ta fara kwanci.

Na miƙa hannu, ta sare ni. Na sake miƙawa, matata ta fito da muciya a hannu, ba don ta dake ni ba, tuwo take tuƙawa, amma dai da muciyar ta fito.

Ta ce, "Maigida, ba a tashin kaza a kan ƙwai. In ka ɗaga ta ba za ta koma ba, duk su lalace. Kuma kana shirin aurar da yarinya ka fara da watsa wa uwa 'ya'yanta? Ni dai ba da hannuna ba."

Na ce yaushe za ta ƙyanƙyashe? Ta lissafa a yatsu ta ce bayan biki. Na tsaya ina kallon kazar, tana kallona da ido ɗaya. Ni da nake danne bijimi in ɗura masa magani, kaza ta fi ƙarfina a cikin gidana.

Muka zaga 'yan gwangwan da bakanike muna neman akwati irin nawa, ba mu samu wanda ya hau ba. Sai ya kawo dabara, ya ce a sa wa jan hancin safa, ƙarar za ta ragu. Na cire tawa a nan take muka zura masa. Ƙara ta ragu kam, ƙarfi ma ya tafi gaba ɗaya, ko bakin gareji ba mu kai ba motar ta fara shaƙewa tana tari. Muka cire, na mayar da safata ƙafa tana warin fetur.

Sai na koma kan ita amaryar. Na ce tunda ba a iya gyara motar, a gyara mai dariyar. Tunanina shi ne in ta ji kukan sau da yawa zai gundure ta. Kullum da yamma in ta dawo daga makaranta sai in zaunar da ita a kujerar baya in yi ta taka totur. Abin ya ƙara lalacewa. Ta koyi kwaikwayon kukan da bakinta, har da ajiyar zuciyar, ta koya wa matata, suka riƙa gaishe ni da shi in na shigo. Gwaggo ta ce a toshe mata kunne da auduga. Aka toshe. Na taka, ba ta ji sosai ba, amma ta hango fuskata a madubi ina leƙenta cike da fargaba, sai ta kife a kan kujera.

Da ta samu numfashi na ce, "Auta, ke ba kya tausayina ne? So kike yaron jif ya kai ki?"

Ta goge ido ta ce, "Wallahi Yaya ba na so. Kai nake so ka kai ni. Amma ka ji yadda take yi fa."

Abu ɗaya ya rage mini. Na lura bijimin ba ya farkawa sai an taka totur da ƙarfi. In aka lallaɓa shi da ɗan yatsan ƙafa, huci kawai yake yi. Na ce to, haka za mu tafi, a lallaɓe, tun daga Dogo Tebo har Ngojin. Maganar yashi kuwa na ture ta gefe.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka gama yi mata nasiha, aka fito da ita a naɗe cikin lafaya, ko yatsanta ba a gani, ƙamshin turaren wuta ya cika motar. Aka sa ta a tsakiyar kujerar baya, innarmu, ƙanwar mahaifiyarmu, a dama, wata yayar mahaifiyarmu a hagu. Gwaggo ta buɗe gaba ta zauna, motar ta yi ƙasa ta gefenta daidai yadda buhun kanwa ya yi. Ta ce ta zauna a nan ne don ta sa wa ƙafata ido. A bayanmu ga jif, ga bas ɗin mata, ga samari a kan babura.

Ban taɓa jin an kai amarya a hankali irin na ranar ba. Adaidaita suka yi ta wuce mu. Wani mutum a kan keke da damin ciyawa ya iso daidai tagata, ya yi mana Allah ya sanya alheri, ya tambayi ko ina da maganin tsutsar awaki, na ce ya zo shago gobe, muka yi sallama, ya wuce mu. Matan bas suka yi guɗa har numfashinsu ya ƙare, suka huta, suka sake, ba mu kai rabin hanya ba. Yaron jif ya yi ta danna hon. Ni dai gumi nake, babban yatsana a kan totur kamar mai taka ƙwai, kunnena a baya. Ba na jin komai daga can sai ƙarar awarwaron inna.

Sai ga bakin lungun. Yashin nan ya sha rana ya yi laushi, babura ma sun bi sun ƙara tone shi. In na shiga a lallaɓe za mu nutse, a sauke ta. In na taka bijimi zai yi kuka, ta yi dariya, a sauke ta. Tsayawa in yi tunani ma ba dama, tsayuwa ce. Na saci kallon Gwaggo. Ta kama hannun ƙofa da hannu biyu, idonta a kan yashin, leɓenta na motsi. Ina jin ita ma turawar nan ta tuno.

Na yi bisimilla, na sauko da giya, na taka har ƙasa.

Bijimi bai taɓa kuka irin na ranar ba, don katangun lungun sun riƙe ƙarar suna dawo mana da ita. Awaki suka watse. Motar ta shiga yashin tana wutsil-wutsil da gindi, sitiyari na fizgar hannuna, kukan na hawa yana karyewa yana sake hawa. Muka yi kamar za mu tsaya, muka ɗan ja, muka ɗan ja, sai na ji taya ta kama ƙasa mai tauri. Na ɗaga ƙafa. Ajiyar zuciyar nan ta fito, doguwa, da fitonta, a daidai gaban dangin ango da suka yi cincirindo a ƙofa.

Inna ta tuntsire ta toshe baki da gyale. Gwaggo da kanta na ga kumatunta na rawa, ta juya tana kallon taga. Na runtse ido ina jiran dariyar da na fi tsoro.

Ba ta zo ba. Abin da na ji daga cikin lafayar wani sauti ne siriri da ban sani ba, sai da na saurara sosai na gane kuka ne. Ba irin kukan da amare ke yi don a ji ba. A hankali take yin sa, tana haɗiyewa, yana ƙwace mata. Yarinyar da na yi mako ina roƙon Allah ya hana ta dariya, ga shi an amsa mini, sai na ji ba zan iya ɗauka ba. Ban san kukanta zai yi mini ciwo haka ba.

Mun riga mun tsaya a ƙofar gidan, na cire giya. Ban san lokacin da ƙafata ta koma kan totur ba. Na taka, bijimi ya yi kuka, ya yi ajiyar zuciya. Na kalli madubi, lafayar ba ta motsa ba sai rawar kukan. Na sake takawa, na ja shi sosai yadda ta fi so, har da ɗan karyewar nan ta tsakiya. Dangin ango suka yi cirko-cirko. Na san Gwaggo na kallona, na jira Bolanci, sai ta kau da kai ta ƙyale ni.

Zan taka na gaba ke nan sai na ji hannu a kafaɗata. Ta fito da shi daga cikin lafayar, baƙi ƙirin da lalle, ta riƙe rigata.

Ta ce, "Yaya, ya isa. Na ji."

Na kashe motar.

Mata suka taso da guɗa suka buɗe ƙofa, aka fito da ita, aka ce ta shiga da ƙafar dama. Na ji wata daga dangin ango na cewa, Allah sarki, yarinyar nan an riƙe ta da kyau. Gwaggo ce ta ƙarshen fita. Ta sauke ƙafa ɗaya, ta tsaya, ba ta kalle ni ba ta ce, "Ka kai ta, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka. Mu sai anjima, a bas za mu dawo." Ta shige.

Na juya motar ni kaɗai. Na shiga yashin ban ko taka ba, ta haye shi kamar babu shi. Da na hau kwalta na ɗan taɓa totur sai ta zabura, sitiyari sakayau, ba nauyi a gaba ba nauyi a baya. Ƙarfin da na yi ta nema a gareji da shagon kayan gyara ga shi ya zo, har na wuce adaidaita biyu ban yi niyya ba, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba. Na iso Dogo Tebo da wuri, rana ba ta faɗi ba. Na tsaya a ƙofar gida na kashe, ƙamshin turaren bai fita ba, na ɗaga gilas na zauna a ciki har aka kira magariba.